Kurege da Gyaɗar Haraji

Ku matso kusa, ga ta nan tafe.

Wata shekara Sarki Zaki ya kafa doka: duk mai gona ya cire mudu ɗaya cikin goma daga ladan 'yan ƙodagonsa, ya kai baitulmali kafin ruwan farko. Kurege kuwa ɓeraye ke yi masa roron gyaɗa. Ya cire musu harajin tsaf, ya miƙe ƙafa a bakin rami yana ɓarewa yana watsawa a baki.

"Ni ne Kurege! Cikina ma ai baitulmali ne."

Ruwa ya sauka, Sarki bai ga ko ƙwaya ba. Aka turo Kura da igiya. Kurege na hango ta ya yafa zane, ya faɗi yana birgima.

Kura ta ce, "Baiwar Allah, ina mai gidan?"

"Wayyo, ranki ya daɗe, jiya muka binne shi! Wahalar tara wa Sarki gyaɗa ce ta kashe shi."

Kura ta yi ta'aziyya, har da ajiye goro. Tana juya baya ya jefa shi a baki. "An zo ɗaure ni, an ɓuge da yi mini sadaka!"

Da gari ya waye sai ga shela: wanda ya makara, in ya kawo harajin da tarar mudu biyar gaban alƙali Raƙumi, an yafe masa ɗauri. In ya ƙi, a ƙwace gonarsa, ko da rai ko ba rai.

Jin haka Kurege ya miƙe. Ya cika buhu da tsakuwa, ya rufe saman da sauran gyaɗar, ya naɗa rawani, ya manna gemun auduga, ya nufi gaban alƙali.

"Allah gafarta malam, ni ne wan marigayi. Na zo sauke masa nauyi."

Raƙumi ya ce, "Madalla da zumunci. Ma'aji, a karɓa."

Ashe Jimina ce ma'ajin. Ta zura dogon wuyanta har gindin buhu, ta haɗiya, ta lumshe ido.

"Allah gafarta malam, tsakuwa ce. Mai daɗi kuwa, irin ta bakin rafi."

Kura ta fizgi gemun, ya biyo hannunta. "Au! Marigayi!"

Raƙumi ya sakar masa shuri, sai ga Kurege a bayan katanga. Ya tashi da ɗingishi, ƙafa me na ci. Gona dai ta tafi. Sai da ya hau suri can nesa, yana shafa ƙugu, ya ɗaga murya:

"Ku riƙe gonar! Amma fa ku shaida, ma'ajinku ma ta ci haraji a gaban alƙali!"

Nan ta tsaya, ƙurunƙus.