Malamin da Ya Ɓoye Tsoronsa

Akwai wani malamin makaranta a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, inda wutar lantarki ba ta kai ba tukuna. Shi ne yake riƙe da ajin ƙarshe na sakandare, shi ne kuma yake shirya yara domin jarrabawar shiga jami'a. Ya daɗe a wannan aiki har furfura ta cika masa kai. Ya san tambayoyin jarrabawa kamar yadda manomi ya san kunyoyin gonarsa. Yakan koya wa yara yadda za su feƙe fensir, su cike gurbin amsa ba tare da sun ɓata takarda ba, su tsallake tambaya mai wuya su dawo mata daga baya. Daga hannunsa aka sami malamai da ma'aikatan jinya, har da lauya. Saboda haka in ya bi ta kasuwa, dattawa sukan miƙe su gaishe shi.

Sai ya zamana wata rana shugaban makaranta ya tara malamai, ya ce musu, "Daga bana an daina jarrabawar takarda. A kwamfuta yara za su rubuta, a birni."

Da malamin nan ya ji haka, sai gabansa ya faɗi, gama tunda aka haife shi bai taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba. Yakan hango ta a ofisoshin birni, ya kau da kai. Amma bai ce wa kowa kome ba. Da ya shiga aji, yara suka taso masa da tambaya, "Malam, yaya ake yi da ita? In mutum ya yi kuskure, da me zai goge?"

Ya ɗaure fuska ya ce, "Ku zauna. Wanda ya san amsa ya sani, ko a takarda ko a ƙarfe. Ku buɗe littattafanku."

Yaran suka yarda, don Malam bai taɓa ruɗinsu ba. Shi kuwa tsoro ya shiga cinsa kamar gara a cikin rumbu. In ya ga yaro ya ɗaga hannu, sai ya yi tsammani a kan kwamfuta za a tambaye shi. In shugaban makaranta ya aiko kiransa, sai ya yi ta jinkiri kafin ya je. Ya rame. Matarsa ta lura tuwo yana komawa kamar yadda ta kawo shi, sai ta ce, "Maigida, tuwon nan bai yi maka laifi ba. Me yake damunka?"

Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya faɗa mata. Ta ce, "To, gani ya kori ji. Ka je ka gan ta da idonka mana."

Ran kasuwa ya hau mota zuwa birni. Ya nemi unguwar da ba wanda ya san shi, ya shiga wani shago inda ake koya wa mutane kwamfuta. Matar da ke da shagon ta ba shi kujera, ta buɗe masa jarrabawar gwaji, irin wadda yara za su tarar, ta nuna masa ɗan abin da ake ja da hannu a zaɓi amsa, wanda ake kira linzami. Sa'an nan ta tafi wajen wasu.

Tambaya ta fari ta fito a fuskar kwamfutar. Ga shi kuwa ya san amsarta sarai, shi da ya koyar da ita shekara da shekaru. Ya ja linzamin, sai 'yar kibiyar da ke yawo a fuskar ta gudu ta ɓuya a kusurwa. Ya jawo ta, ta wuce amsar. Ya danna, ta zaɓi wadda ba ita yake so ba. Can sama kuma ga wani agogo, ba gaba yake tafiya ba, baya yake ci, yana cinye lokacin da ya rage. Zufa ta karyo masa. Ya so ya koma baya ya gyara, sai ya danna wani wuri, kwamfutar ta yi masa wata tambaya, bai tsaya karantawa ba ya sake dannawa. Nan take tambayoyin duka suka ɓace.

Ya kira matar ya ce, "'Yata, ina tambayoyin suka tafi?"

Ta duba ta ce, "Ayya, Baba, ai ka riga ka miƙa. Ka gaya mata ka gama."

"A dawo da su mana. Ban ko fara ba."

Ta ce, "A nan zan iya dawo maka da su. A ranar jarrabawa ba mai dawowa da su."

Malamin ya zuba wa kwamfutar ido. Ba kansa yake gani a kujerar ba kuma. Yaransa yake gani ɗaya bayan ɗaya, waɗanda yawancinsu ko babbar waya ba su taɓa riƙewa ba, suna zaune a wannan wuri da ilimi cike da kai, agogo yana cin lokacinsu. Shi ne kuwa ya ce musu kada su damu. A mota yana komowa tsoro biyu suka yi ta kokawa a zuciyarsa. Ɗaya yana cewa, in ka faɗa musu ba ka iya ba, girmanka ya zube a garin nan. Ɗayan yana cewa, in ka yi shiru, ka kai 'ya'yan mutane bakin rami da hannunka. Ya sunkuyar da kai a cikin motar ya ce, "Ya Ubangiji, ina jin tsoro. Ka taimake ni."

Ran Litinin ya tsaya gaban aji, ya ba su labarin duk abin da ya same shi a shagon nan, bai rage kome ba. Ya ce, "Abin da na faɗa muku kwanakin baya ba daidai ba ne. Ni malaminku na san amsa, amma na faɗi jarrabawar."

Ya jira dariya, ba wanda ya yi dariya. Sai wata yarinya mai suna Dinatu ta fashe da kuka, gama marainiya ce, kawunta kuma ya ce sau ɗaya tak zai iya tsaya mata a jarrabawar nan. Ta ce, "Malam, to yanzu yaya za mu yi?"

Ya ce, "Za mu koya tare, 'yata. Ni ma ɗalibi ne yanzu."

Ya bi gida gida ya yi wa iyaye bayani. Ikkilisiya ta ɗauki nauyin mota, matar nan mai shago kuma ta yarda ta ba su safiyar kowace Asabar. A cikin mako sukan zana maɓallan kwamfuta a kan kwali su yi ta koyon inda kowanne yake. Ran Asabar kuwa Malam yakan zauna a benci ɗaya da yaransa, shi ne ma mafi nawa a cikinsu. Matar ta koya musu su karanta kafin su danna. Ta ce kuma, in wuta ta ɗauke, kada kowa ya tashi ko ya taɓa kome, ya zauna ya jira, gama amsoshinsa ba su ɓata ba.

Yaro ɗaya ne kaɗai ya daina zuwa. Sunansa Barnaba, shi ne kullum yake zuwa na ɗaya a aji. Ya je Asabar ta fari, linzami ya ƙi masa, 'yan baya a aji suka riga shi gamawa, daga ranar bai sake hawa motar ba. Malam ya same shi a gida yana karatu a gindin mangwaro. Barnaba ya ce, "Malam, ai lokacin da zan ɓata a mota gara in yi karatu da shi. In ranar ta zo zan gane."

Malamin ya dube shi, ya ga abin da ya sani ƙwarai a idon yaron. Ya ce, "Ɗana, ba karatu ne ya hana ka ba. Tsoro kake ji a ga kasawarka. Na san shi, ya kusa hallaka ni tare da ku duka. Gara ka ji kunya a gabanmu, mu da muke ƙaunarka."

Barnaba ya sunkuyar da kai ya ce, "Zan zo, Malam." Amma bai zo ba.

Da ranar jarrabawa ta yi, Malam ya raka su birni. Aka shigar da yara babban ɗaki, aka rufe ƙofa, shi kuwa ya tsaya a waje tare da iyaye. Ba abin da ake ji sai ƙarar janareta. Ana cikin haka janaretan ya yi tari, ya mutu. Daga cikin ɗakin aka ji hayaniya da jan kujeru, wata uwa a kusa da shi ta ɗora hannu a ka. Malamin ya kama ƙarfen ƙofa. Ba ya iya shiga, ba ya iya kiran sunan kowa. Bakinsa kawai yake motsi, "Ya Ubangiji, ka zaunar da su." Bayan wani lokaci da ya yi masa tsawo kamar yini, janaretan ya tashi, ɗakin ya sake yin shiru.

Da aka buɗe ƙofa, Dinatu ta fito da gudu ta ce, "Malam, na ji tsoro kamar zan mutu. Da wuta ta ɗauke na rungume hannuna na zauna. Da ta dawo, ga amsoshina nan yadda na bar su."

Sauran suka yi ta fitowa, wasu da murna, wasu da shakka. Barnaba ne na ƙarshe. Ya zo ya tsaya gaban malaminsa. Ya ce, "Na san su duka, Malam. Duka na san su. Ko rabi ban kai ba lokaci ya ƙare."

Malamin bai tsauta masa ba. Ya rungume shi, suka yi kuka tare a bakin ƙofar. Da sakamako ya fito, Dinatu da yawancin ajin suka sami shiga makarantun gaba. Barnaba kuwa ya zauna a gida shekara guda yana taya babansa noma, yana ganin waɗanda ya fi ƙoƙari suna dawowa hutu. Da aka fara shirin shekara ta biye, shi ne yakan riga kowa zuwa tasha ran Asabar.

Ma'anar wannan misali ita ce, gwaji yana zuwa wa kowane mai bi, amma ba kullum yake zuwa da kamannin da muka saba ba. Da yawa a cikinmu mun haddace ayoyi tun muna yara. In aka tambaye mu a kan gafara ko haƙuri ko faɗin gaskiya, amsa tana bakinmu. To, amma ranar da maƙwabci ya ci iyakar gonarka, ko likita ya faɗa maka abin da ba ka so ji ba, ba wanda zai tambaye ka ka karanto aya. Abin da ka saba yi shi ne zai fito, agogo kuwa ba ya jiran kowa. Safiyoyin Asabar ɗin nan su ne ƙananan gwaje-gwajen da Ubangiji yake ba mu kowace rana a gida da kasuwa da cikin ikkilisiya, inda in mun yi kuskure akwai sarari mu tuba mu sake.

Malamin nan kuwa shi ne duk wanda aka damƙa wa amanar wasu: uba, uwa, malamin makarantar Lahadi, dattijon ikkilisiya. Jin tsoronsa ba shi ne laifinsa ba. Laifin shi ne ya lulluɓe tsoron da magana mai daɗin ji, yaran da suka dogara gare shi kuma suka kwanta a kanta. Ceto ya fara ne a cikin motar nan, sa'ad da ya faɗa wa Ubangiji gaskiya, ya kuma yarda girmansa ya zube domin yara su tsira. Haka Yesu Mai Cetonmu ya ƙasƙantar da kansa ya zauna tare da mu, ko da yake shi ba abin da ya gagare shi.

'Yan'uwa, wataƙila akwai Barnaba a cikinmu yau. Akwai abin da ka kasa, ka kuwa sani, amma kana gudun 'yan'uwa su gani. Ka daina zuwa addu'a, ka daina tambaya, kana ce wa kanka in ranar ta zo za ka gane. Barnaba na cikin misali ya sami wata shekara. Mu kuwa ba wanda ya yi mana alkawarin wata shekara. Tun ƙofa tana buɗe, ka kawo kasawarka gaban Ubangiji da gaban waɗanda suke ƙaunarka, ka zauna a benci ka koya.