Kurege da Tsakuwa Mai Kama da Gyaɗa

Ga wata nan gare ku!
Ta iso mu ji ta!

Kurege ke ɓare wa 'ya'yan Zabuwa gyaɗa, ɗaya-ɗaya, don bakinsa ba ya ɗaukar biyu. Hankaka sarkin hassada ya zuba tsakuwa mai kama da gyaɗa a ƙwaryar. Kurege ya ciza, ya tofar, ya sake cizon wata. Yara na kukan yunwa.

"Yaya, ko tsufa ya kama ni?" in ji Kurege.

Zabuwa ta leƙa. "Haƙoranka lafiya, ƙanena. Tsakuwa ce ke tare wa gyaɗa wuri."

"Mu tsince ta?"

"Kafin nan yarana sun galabaita."

Ta juye ɓararriyar gyaɗar rumbunta duka a kai, har cin karo da tsakuwa ya zama sai jifa-jifa. Yara suka ƙoshi, suka yi barci bisa jelar Kurege.

Ƙurunƙus, kan ɗan ƙadangare!