Rigar Nomau a Jikin Dila

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, sannan kowa ya kama bakinsa.

A wani gari a bakin daji an yi wata mace, sunanta Marka. Makauniya ce tun haihuwa. Mijinta Nomau, sana'arsa ɗiban zuma. Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, amma da abu uku take gane shi. In ya iso ƙofa yakan yi gyaran murya mai kauri. Rigarsa kullum ƙaurin hayaƙi take yi, don da hayaƙi yake korar ƙudan zuma. Tafin hannunsa kuwa ba ya rabuwa da kakin zuma. Ba ta faɗin sunansa, don matan garin ba sa faɗin sunan miji. Sai dai ta ce, "Kai ne?" ya ce, "Ni ne."

To, akwai Dila a dajin, wanda ya iya rikiɗa ya zama mutum. Ya taɓa tare Marka a hanyar rijiya ya neme ta. Ta ɗaga sandarta ta ce, "Ni matar wani ce. Kauce." Ya kauce, amma bai haƙura ba.

Sai ya laɓe a bayan danga har ya koyi gyaran muryar. Sai ya sace tsohuwar rigar Nomau a kan igiya. Sai ya hau amya ya ɗebo kaki ya murza a hannu. Ran nan da rana tsaka, Nomau yana daji, Dila ya rikiɗa ya zama mutum, ya tsaya a ƙofa ya yi gyaran murya.

Marka ta ce, "Kai ne?"

Ya ce, "Ni ne."

Ta ji hayaƙi. Ta taɓa hannu ta ji kaki. Ta ce, "Yau da wuri? Shigo mana." Ya shiga, ya kwanta da ita kamar miji, ya fita.

Bai daɗe ba sai ga Nomau, yana neman ruwa. Ta ce, "Ba yanzu ka fita ba?" Ya ce, "Tun safe ina kan tsamiya." Sai Marka ta shafa tabarma, ta ji gashi, gajere mai kaushi, ba na mutum ba. Ta zauna a wurin, ba ta iya ko kuka ba. Nomau ya dubi gashin ya gane na Dila ne. Bai zage ta ba, bai kuma rarrashe ta ba.

Aka kai magana gaban Sarki, aka kawo Dila a siffar mutum. Dokar garin kuwa ita ce: in mace ta yarda, a kore ta tare da kwarton, in ba ta yarda ba, hukuncin na namijin ne shi kaɗai. Dila bai damu da kora ba, dama a daji yake kwana.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambaye ta. Na fasa ƙofa?"

Marka ta ce, "A'a."

"Na kama ki da ƙarfi?"

"A'a."

"Wa ya ce shigo?"

"Ni. Amma mijina na ce wa."

Dila ya yi dariya. "Ta ambaci sunan wani? Wanda ke ƙofa ta ce wa shigo, ni ne kuwa a ƙofa."

Fadawa suka fara gyaɗa kai. Marka ba ta gan su ba, amma ta ji gunagunin ya juya mata baya. Ta tuna ba ta san ko hanyar wani gari ba. Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin a kore ni ina da roƙo. Baƙo ya shiga ɗakina ban ba shi komai ba. A bar ni in ba shi zuma, amma a ɗaure masa ido, ya sha yadda nake sha."

Sarki ya yarda. Ta kira mijinta ta yi masa raɗa. Ba ta san ko zai yi ba. Ta dai ji takunsa ya tafi, can kuma ta ji ya dawo, ya sa mata gora a hannu, bakinta toshe da ganye.

Aka ɗaure idon Dila. Marka ta ce, "Sansana." Ya ce, "Zuma ce." Ta ce, "Lasa bakin." Ya ce, "Zuma ce, mai kyau." Ta ce, "Ka yarda ka sha?" Ya ce, "Na yarda, na yarda."

Ta zare ganyen, ya cusa baki. Ashe a baki kawai aka shafa zuma, cikinta kuwa ƙudan zuma ne fal. Suka rufe shi. Ya yi birgima, ya rikiɗe ya koma dila, yana ihu: "An cuce ni! Zuma na yarda in sha, ba wannan ba!"

Marka ta ce, "An danne ka? An kama ka da ƙarfi? Wa ya ce na yarda?"

Sarki ya ce, "Dila, bakinka ya yanke maka. Abin da aka karɓa da ƙarya ba a ba da shi ba. Ba ta da laifi." Aka yi masa bulala, aka hana shi rikiɗa har abada. Shi ya sa har yau ba ya iya shiga gari, daga nesa yake kuka.

Jama'a suka watse. Marka tana lalube tana neman sandarta, sai ta ji hannu mai kaki ya riƙe nata. Ta janye. Ta ce, gaban kowa, "Nomau, kai ne?"

Tsofaffin mata suka riƙe baki. Shi kuwa ya ce, "Ni ne, Marka. Ki riƙa kira na haka."

Ku yara maza, da ku nake. "To" ɗin da ka samu da ƙarya ba naka ba ne, sata ce.

Ƙurunƙus kan dila. Ku tashi.