Injiniya a Ƙarƙashin Tebur

Akwai wani bawan Allah da abokansa ke kira Injiniya. Tun kafin masu zunɗe su cika min wajen sharhi, ba ni ba ne. Ni ban taɓa maƙalewa a ko'ina ba, kuma duk wanda ya ga hotona ya san tumbina na mutunci ne.

Injiniya bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba, a kantin magani yake aiki. Sunan ya same shi ne ranar da ya haɗa kwamfutar gem da hannunsa, ya ɗauke ta hoto ta gaba da ta gefe, ya watsa wa duniya.

Kafinta ya ƙera masa tebur mai ɗan loko a ƙasa, daidai kwamfutar, ya kafe teburin a bango don kada ya yi girgiɗi. Injiniya ya tura kwamfutar cikin lokon, ya zura hannu ta baya, ya lalubi ramuka ya soke wayoyi ba tare da ya leƙa ba. Monita ta kawo haske. Ya ce shi ke nan, aiki ya yi kyau.

Su huɗu ne a ƙungiyarsu ta wasan harbe-harbe, shekara uku suna tare. Da can a gidan gem yake bugawa, kuma hannunsa ba laifi. Amma tun da ya koma kan kwamfutarsa, sai hoto ya kama in'ina. Ya danna yau, sojansa ya motsa gobe.

Ran nan shugaban ƙungiyar, wanda suke kira Kyaftin, ya buga masa waya.

"Injiniya, jiya ka tsaya a tsakiyar fili kamar mai jiran mota. Sau tara aka harbe ka."

"Netwok ne."

"Netwok ɗinka kai kaɗai? Gasa ta matso. Asabar ƙarfe huɗu za mu yi gwaji. In ka sake daskarewa, wallahi wani zan saka."

Nan fa Injiniya ya shiga uku. Duk wanda ya tambaya sai ya ce katin girafik ne, wato katin da ke zana hoton wasan. To ya canza ko kada ya canza? Katin nasa ba tsoho ba ne. In ya canza, ya yarda bai iya zaɓe ba tun farko. In bai canza ba, kujerarsa ta tafi. Kwana uku yana kallon bidiyon masana, wannan ya ce a canza, wancan ya ce a jira.

Ana cikin haka ƙanwarsa ta leƙo gaishe shi. Auta suke ce mata, shekararta shida tana gyaran kwamfuta a wani shago.

"Yaya, wannan katin ya fi ƙarfin wasan nan. Bari in duba bayan kwamfutar, minti biyu."

"Auta, wannan ba laftof ɗin 'yan makaranta ba ce da shayi ya zube a kai. Ni na haɗa ta."

"Shi ya sa nake so in duba."

"Kin ga hanya."

Ta yi dariya ta ɗauki jakarta.

Ranar Juma'a ya yanke shawara. Ya buɗe murfin gefe, ya zaro katin, ya kai shi musaya da wani ƙato mai fanka uku. Mai shagon ya juya tsohon katin yana kallo.

"Ranka ya daɗe, ka yi aiki da wannan kuwa? Kamar ba a taɓa..."

"Ni mutum ne mai tsafta. Ba ni sabon."

"In ya fita ba ya dawowa fa."

"Ni ma ba na dawowa."

Tun a hanya ya tura wa ƙungiya hoton kwalin, ya rubuta: "Gobe kowa ya nemi maɓuya."

Ya soke sabon kati, ya kunna wasa. In'inar nan tana nan, ko gezau ba ta yi ba.

Jama'a, ku ji tausayinsa kaɗan. Tsohon kati ya tafi. Uzurin netwok ya ƙare. Alfahari kuma ya riga ya isa wayar kowa.

Asabar, ƙarfe uku da rabi, ya lura fankokin katin ko juyawa ba sa yi. Ya kunna fitilar waya, ya rarrafa ƙarƙashin tebur, ya kutsa tsakanin lokon da bango. Kai ya wuce. Kafaɗa ta wuce. Tumbi ya wuce da addu'a. Sai bel ɗinsa ya kama wani katako da kafinta ya gitta.

Gaba bango. Baya katako. Kumatunsa manne da ƙura, hannu ɗaya a ƙarƙashinsa.

Minti goma yana kwance yana duba sunaye a waya. Matarsa ta yi tafiya. Kyaftin kuwa, gara a tsince shi a nan bayan kwana uku. Ya runtse ido ya kira Auta.

Da ta shigo, ƙafafu biyu kawai ta gani.

"Sannu da aiki, Injiniya."

"Ja ni."

Ta ja, ya yi ihu. Ta kira kafinta, ya ce sai nan da rabin awa.

"To Yaya, tunda kana can, haska min bayanta. Wayar monita ina ta shiga? Ramukan sama ko na ƙasa?"

"Na sama."

"Na ƙasan fa, na jikin katin?"

Ya ƙara matso da fitilar wayar.

"Yaya?"

"A toshe suke da wasu 'yan robobi."

Auta ta zauna a ƙasa don dariya. Wata biyu ke nan wayar monita tana jikin madabod, wato babban allon cikin kwamfutar, ba jikin katin ba, kwamfutar tana fama da ɗan ƙaramin girafik ɗinta na ciki. Tsohon katin bai taɓa zana ko ɗigo ɗaya ba. Sabon ma zaman baƙunta yake yi.

Ya ɓalle roba, ya mayar da wayar monita jikin katin. Auta ta sake kunna wasan, hoto ya kwarara kamar ruwa.

Daidai nan huɗu ta buga. Muryar Kyaftin ta fito daga hedfon: "Injiniya, kana ina?"

"Shiga min," in ji shi daga ƙasa, cikin raɗa. "Amma kada ki yi magana. Su ɗauka ni ne."

Ita da take gwada gem a kwamfutocin mutane kullum, ta ja kujera ta zauna. Zagaye na farko ta kwantar da uku. Na biyu ta share fili ita kaɗai.

"Kai! Injiniya! Ashe haka kake? Shekara uku ina ka ɓoye wannan hannun?"

Yana kwance yana jin yabon da bai taɓa samu ba yana sauka a kan wata. Sai ga kafinta ya banko ƙofa da zarto, yana ɗaga murya: "Ina maigidan da ya maƙale?"



"Wa ke kan kujerar nan?" in ji Kyaftin.

"Ƙanwarsa ce. Yaya yana ƙarƙashin tebur."

"Lafiya dai yake?"

"Lafiya lau."

"To a bar shi ya huta. Hajiya, ranar gasa kina da aiki?"

Darasi: Kafin ka canza abin da kake zargi, leƙa ka ga ko ka taɓa ba shi damar yin aikinsa. Kuma wanda ka raina don ka girme shi, saurare shi tun kana tsaye da ƙafafunka. Ku tura wa injiniyan gidanku, amma duk wanda ya saka sunana a ƙasa, ni da shi ne.