Kuregen da Ya Ƙi Cewa Oba

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ta zo, kuma sau ɗaya zan faɗe ta. Hannu ya ci gaba da ɓarar gyaɗar nan, ai ba da hannu ake ji ba.

Kurege ne dai ya samo rediyon oba-oba, irin wanda ake danna madanni a yi magana, na wani gari ya ji ya amsa. Ya ɗaura wayar eriya a reshen kuka, ya kafa kujera a bakin raminsa. Damina ta sauka, kowa na gona, shi yana "kana ji na?" Aka yi noman fari, yana "kana ji na?" Aka yi maimai, yana "kana ji na?" Da kaka ta yi, kowa ya cika rumbu, Kurege ya leƙa nasa. Ba komai ciki sai mataccen batir. Ga rani tafe, ga ciki ba ya cin labari.

Su masu wannan zaman banza har ƙungiya gare su, har da doka. Dokar guda ce: in wani yana magana, ba mai buɗe baki sai ya ce "oba", wato na gama, kai ma faɗi taka. Shugabarsu Hajiya Mesa ce, tana zaune a gidan zu na birni, inda ake tara namun daji mutane su zo kallo. Da haɓa take danna madanni, don ba ta da yatsu. Ba ta wasa da dokar nan. Kunkuru ya taɓa soma magana batirinsa ya mutu bai ce oba ba, Hajiya ta yi sati uku bakinta a rufe. Kaza aka jefa mata, kazar ta zauna har ta yi ƙwai a kejin.

A gidan zu ɗin nan Kurege yake da aboki, Raƙumin Dawa, wanda suke kira Dogo. A ƙahonsa ya ɗaura eriya, shi ya sa muryarsa ta fi ta kowa fita. Ba su taɓa ganin juna ba. Ran nan Kurege ya tambaye shi me suka ci yau, Dogo ya ce su ai sau biyu ake turo musu abinci a baro, birai ma gyaɗa ake jifansu da ita.

Kurege ya haɗiye miyau, ya ce gaskiya bai kamata a shekara ana gaisawa ba a san fuskar juna ba. Ya ɗora rediyo a ka, sai birni.

Tsarabar da ya kai ganye uku ne, su ma a bishiyar kejin Dogo ya tsinke su. Dogo ya sunkuyo, ya sunkuyo, ya ƙara sunkuyowa kafin ya gano baƙonsa. Ya ce, "Aboki, a rediyo ka fi haka girma."

Kurege ya ce tafiya ce ta rage shi.

Dogo ya ɗora shi tsakanin ƙahonninsa, ya juya wuya yana nuna masa gari. Ga zaki can kwance, an aje masa cinyar sa yana hamma. Ga dorina, ruwan wankanta ma canza mata ake yi. Ga mutane jingim, kowa ya baro akuyarsa a gida ba ci, ya zo kallon dabbar wani. Ni dai ba a taɓa ganina can ba. Kurege bai ga zaki ba, bai ga dorina ba. Abu biyu ya gani: ɗakin ajiyar abinci, da Tanimu mai tura baro, da oba-oba rataye a ƙugunsa, wanda Manajan gidan ke ba shi umarni da shi daga ofis.

Da Dogo ya shiga tuƙa, Kurege ya ja rediyonsa bayan tarin ciyawa. Ya yi ta murzawa har ya faɗa layin ma'aikata. Ya toshe hanci, ya kumbura murya irin ta Manaja.

"Tanimu, kana ji na? Oba."

"Ina ji, ranka ya daɗe. Oba."

"A kai buhun gyaɗar birai bayan ciyawar raƙumin dawa. Kar a tambaye ni dalili. Oba."

Tanimu bai tambaya ba. Ya turo baro, ya sauke, ya tafi. Washegari aka ce a kai dabino, ya kai. Rana ta uku aka ce a kai ayaba da rake, ya kai. Birai suka soma jifan 'yan kallo da takalman da suka ƙwace, ba wanda ya san dalili.

Kurege ya ce a ransa abincin rani ya samu, saura a mirgina shi gida. Mai hankali da ya tafi tun ranar gyaɗa. Shi sai ya tsaya ɗanɗanawa. Ya ɗanɗana, ya ɗanɗana, har ciki ya rinjaye shi, ya nemi wurin zama, ya zube a kan rediyo. Mazaunansa suka danne madanni, bai sani ba.

Ya kishingiɗa yana tauna yana hira da kansa. Ya ce Tanimu kunne ne kawai Allah ya ba shi. Ya ce muryar Manaja ba wuya, ka tuna akuya mai mura. Ya ce Dogo kuwa, kafin tunani ya hau wuyan nan ya isa kai ya gaji ya koma. Ita kuma Hajiya igiyar guga ce aka ba shugabanci.

Duk wani oba-oba da ke gidan yana faɗa, har da ƙarar taunar rake. Manaja ya ji a ofis. Tanimu ya ji a ƙugunsa. Hajiya ta ji. Dogo ma ya ji, ya miƙa wuya ta saman ciyawa, ya tsaya yana kallon abokinsa.

Tanimu ya ɗago Kurege ta wutsiya. Manaja ya ce a mayar da buhuna, Kurege kuma tunda ya ci abincin gidan, ya zama abincin gidan. Aka jefa shi kejin Mesa, aka ja ƙofa.

Hajiya ta warware, ta warware, ta ƙara warwarewa. Ta buɗe baki, Kurege ya hango hanya doguwa ba fitila. Sai ya durƙusa.

"Hajiya, ranki ya daɗe, ɗan ƙungiya ke magana. Kina ji na?"

Bakin ya tsaya. A hankali ya rufe.

Kurege ya shiga gaisuwa. Ya yi mata ina wuni, ina gajiya, ya gida, ya zafi. Ya tambayi lafiyar wuyanta, da abin da ke bin wuya, da abin da ke bin wannan. Ya ce ko gaisuwar ta isa tsakiya, ko a aika wani. Baki na gaisuwa, ƙafafun baya na tono. Tanimu ya bubbuga ƙarfen keji ya ce, "Hajiya, haɗiye shi mana, yana tona rami." Ta harare shi, don ya sa baki ba a ba shi oba ba.

Kurege ya gaida tsakiya, ya nutse zuwa ƙugu. Ya gaida saɓar da ta yi bara, ya nutse zuwa wuya. Kafin a zo kan wutsiya sai ƙasa ke motsi. Ya ɓullo bayan katanga, ya karkaɗe jiki, ya kama hanya. Bai ce oba ba, don in ya faɗa, ramin da ya ishe shi ya ishe ta.

Ya isa gida ba gyaɗa, ba rediyo, ba aboki. Ranin nan ɓawon kuka ya ci. Har yau in kun gan shi, zai miƙe a ƙafa biyu, ya ɗaga wutsiya kamar eriya, yana sauraron ko wani zai kira. Ba mai kira. Raƙumin dawa bai sake magana da kowa ba. Mesa kuwa sai ta yi wata ba ta buɗe baki ba, tana jira a ba ta oba.

Ƙurunƙus kan mataccen batir. Darasi kuwa, kowa ya duba abin da zai zauna a kai kafin ya zagi mutane. Wa ya cinye rabin gyaɗar nan? Kar wanda ya amsa, ban ce oba ba.