Shirun Da Dawuda Ya Cire Daga Waƙar Babansa

Akwai wani mawaƙi ɗan Dabai, nan kusa da Zuru, sunansa Dawuda. Wannan abu ya faru ne a shekarun da kaset ke mulki, kafin waya ta zo ta kashe masa kasuwa. Ku karanta a natse, don ni kaina da na fara jin labarin sai da tsigar jikina ta tashi.

Mahaifin Dawuda, Baba Ladan, mawaƙin gona ne. In samari 'yan golmo, wato masu noman neman aure, suka jeru a gonar surukai, kowa da garmarsa, shi ke tsayawa bayansu yana waƙa, ƙanwarsa Gwaggo Leah tana yi masa amshi.

Yana da wata waƙa da ya gada, mai suna "Ɗaga Garma". Duk baitin da ya kai ƙarshe, sai ya yi tsit. Ganga ta tsaya, amshi ya tsaya. A cikin shirun nan ne garmuna ke sauka ƙasa a tare, kaf! Sannan ya ja baiti na gaba.

Dawuda ya taɓa tambayarsa, "Baba, don mi kake tsayawa? Numfashi ne ke ƙare maka?"

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ba ni kaɗai ke waƙar ga ba. Waɗanda sunka noma ƙasar ga kafin mu suna da nasu wuri a ciki. Ka yi naka, ka bar musu nasu."

Dawuda ya ji, amma jin kunne kawai.

Murya kam Allah ya ba shi, ba a magana. Da ya zama saurayi sai gona ta fita ransa, ya tattara ya nufi Kano, inda ake buga waƙa da fiyano. Ya sha wahala kafin wani mai situdiyo ya yarda ya saurare shi. Ya rera duk waƙoƙin soyayyar da ya haɗa, mutumin sai hamma yake yi. Da ya ga za a sallame shi, sai ya ɗauko "Ɗaga Garma".

Mai situdiyo ya miƙe zaune. "Yauwa! Wannan ita ce waƙa. Amma wannan tsayawar da kake yi fa, ta mene ne? Mutane za su zaci kaset ya lalace."

"Haka muka gada," in ji Dawuda.

"To a nan ba a sayar da shiru. Mu cike wurin."

Aka cike. Aka zuba fiyano, aka kawo 'yan mata suna kiran sabon sunansa: "Mai Zuma! Mai Zuma!" Dawuda ya saurara, ya ji sunansa zaune daram a gurbin nan, daɗi ya kama shi har kunne.

Kai jama'a, waƙa ta tashi! A tasha ita, a gidan biki ita, masu shayi ita. Dawuda ya sayi mota, ya sayi baƙin tabarau irin wanda ba a cirewa ko cikin ɗaki.

Wata rana aka gayyace shi hira a gidan rediyo. Mai hira ya tambaye shi ina ya samo waƙar. Bawan Allah nan, ko kunya babu, ya ce a mafarki ta zo masa a ɗakin otal.

"To garinku fa, Zuru? Ba abin da ka ɗauko daga can?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Me zan ɗauko? Sai dai ƙaiƙayin dawa."

A daidai lokacin Baba Ladan na zaune gindin ɗorawa a Dabai, rediyo a cinyarsa, maƙwabta sun kewaye shi don su ji ɗansu. Tsohon ya sa hannu ya kashe rediyon. 

Daminar da ta biyo baya ya kwanta ciwo, ya rasu. Aka aika wa Dawuda. Ya ce yana da wasa a Kaduna, an riga an manna hotuna. Ya turo buhun shinkafa da gaisuwa. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Ba a daɗe ba abu ya fara. Yana tsakiyar waƙa a wani biki, ya kai ƙarshen baitin farko, sai muryarsa ta ɗauke. Ɗan kaɗan ne, kamar ƙiftawar ido, ta dawo. Ya ce gajiya ce.

A biki na gaba ta fi daɗewa. A na gaba ta ƙara. Kuma kullum a wuri ɗaya: ƙarshen baiti, daidai inda babansa ke yin tsit.

Ya sha zuma, ya tauna citta da kanumfari, ya je asibiti aka leƙa maƙogwaro aka ce ƙalau yake. Tsoro ya shige shi, don mawaƙin da ba murya ai ya gama yawo. Sai ya koma dabara: a saka kaset, shi kuma ya riƙe makirufo yana motsa baki. Jama'a na tafi, ba wanda ya gane.

Bayan girbi aka gayyace shi wasa a Zuru, karo na farko tun da ya yi suna. Da rana tsaka ya shigo gari, ya tsaya a shagon Ndubuisi, wani Inyamuri da ya daɗe yana sayar da kaset a bakin kasuwa. So yake ya ji yadda kayansa ke tafiya a gida.

Ndubuisi bai yi murnar ganinsa ba. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta, cike da kaset ɗin Mai Zuma.

"Oga Dawuda, duk wannan dawo da shi aka yi. Zauna ka ji da kunnenka."

Ya saka ɗaya a rakoda. Waƙa ta tashi lafiya lau. Baitin farko ya kai ƙarshe, sai komai ya ɗauke. Ba fiyano, ba 'yan mata. Ga kaset na juyawa, amma tsit.

"Matso da kunne," in ji Ndubuisi.

Dawuda ya matso. Ashe shirun ba fanko ba ne. Numfashi ne a ciki, na mutane da yawa, a hankali, irin na masu noma da suka ɗaga garma suna jira.

"Na canza batir, na canza rakoda," in ji Ndubuisi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na tafi da ɗaya Kontagora, ya yi waƙa har ƙarshe. Da na dawo Zuru sai ya koma haka. Kuma tun satin da aka binne babanka ya fara. Ni mutumin coci ne, ba na son irin wannan abu a shagona. Don Allah kwashe kayanka."

Da wani ne da nan ya yi laushi. Amma Dawuda ya gyara tabarau ya ce kaset ɗin jabu ne, shi da nasa faifan ya zo daga Kano.

Da la'asar fili ya cika maƙil. Mutanen Rikoto, na Dabai, har daga Dirin Daji an zo. Aka tayar da janareta, aka saka faifai, Dawuda ya hau dandamali yana motsa baki yana rausaya.

Baitin farko ya ƙare. Lasifika ta yi tsit.

Janareta na aiki, fitilun na'ura na ci, amma ba sauti. Dawuda ya ci gaba da motsa baki kamar kifin da aka jefo kan tudu. Ya jira a yi masa ihu ko dariya. Ba wanda ya yi. Tsofaffin da ke gaba sai suka sunkuyar da kai, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ji numfashin nan, ba daga lasifika ba, daga bayansa, har yana taɓa masa ƙeya.

Ya buɗe baki zai ce a gyara na'ura. Babu murya. Ko tari ya kasa.

Jama'a suka watse ba hayaniya. Yana zaune a bakin dandamali sai ya ji an kama masa hannu. Gwaggo Leah ce, ta tsufa, ta ranƙwafa.

"Tashi mu tai gida, Dawuda."

Washegari da safe ta kai shi gonar babansa. Ga kunyoyin da tsohon ya fara kafin ciwo ya kada shi, rabi an ja, rabi ciyawa ta cinye ta bushe. Ba kowa a wurin sai su biyu.

Ta ce, "Ranar da zai cika ya bar maka saƙo, ba ka zo ka amsa ba. Cewa ya yi: ku gaya wa Dawuda ban yi fushi da ya ɗauki waƙa ba, don shi na aje ta. Abin da ya faɗi a rediyo ma na yafe. Amma ga shi ni ma zan koma cikin shirun ga. Tunda ya cike wurin da sunansa, ina zan tsaya?"

Dawuda ya cire tabarau. Hawaye kawai ke zuba, kukan ma ba sauti.

"Kuka ba ya gyara waƙa," in ji Gwaggo. "Tsaya inda yake tsayawa. Ja."

Ya nuna maƙogwaronsa, ya girgiza kai. Ita ko ta share shi, ta fara amshi da tsohuwar muryarta mai rawa. Ta maimaita, ta sake maimaitawa. Can sai wani abu ya fito daga bakinsa, a shaƙe, ba zuma ko ɗigo. Ya lallaɓa da shi har ƙarshen baitin farko.

Sannan ya rufe bakinsa da kansa, ya bar wurin.

Iska ta tsaya. Tsuntsaye suka yi shiru.

Kaf!

Garmuna ne suka sauka a tare a bayansa, a busasshiyar ƙasar da ba kowa a kanta. A cikinsu kuma ya ji wani ɗan gyaran murya da ya sani tun yana goye.

Wuyansa ya fara juyawa. Gwaggo ta damƙe masa hannu.

"Kada ka waiwaya. Ba kallo sunka zo a yi musu ba. Ja baiti na biyu, babanka na jiranka."

Ya ja. Murya ta fito tar.

Dawuda bai koma Kano ba. Kafin shekara ta zagayo wasu sun maye gurbinsa, an cire hotunansa an manna na wasu. Shi kuwa in damina ta faɗi za ka same shi bayan 'yan golmo yana waƙa, yana tsayawa a ƙarshen kowane baiti.

Wani baƙo ya taɓa ce masa, "Malam, waƙarka da daɗi, amma wannan shirun na ɓata ta. Me ya sa ba ka cike shi?"

Dawuda ya ce, "Ba zai yiwu ba. Babana na ciki."

Darasi: Duk baiwar da kake taƙama da ita, akwai waɗanda suka riƙe ta kafin ta iso hannunka. In Allah ya ɗaga ka, kada ka goge wurinsu ka rubuta sunanka, kuma kada ka bari sai sun koma inda ba a waiwaya kafin ka girmama su. Tura wa wanda ka san ya fara manta hanyar gida, wataƙila yau ya kira iyayensa.