Ramin da Ilya ya rufe a bakin teku

Akwai wani mutumin Damagaram mai suna Ilya, yana zaune a Vénissieux, gefen birnin Lyon na ƙasar Faransa. Karatu ya kai shi, aiki ya riƙe shi a wani ɗakin binciken magunguna. Ba mugu ba ne, sai dai a wurinsa zuwa gaisuwar mutuwa ɓata lokaci ne. In an ce an yi wa wane rasuwa, sai ya latsa waya ya rubuta "Allah ya jiƙan rai," ya ci gaba da harkarsa.

Lokacin da mahaifin Alhaji Siddiq ya rasu, 'yan Nijar mazauna Paris suka cika gidansa na Aubervilliers ana zaman makoki. Siddiq ɗan unguwar su Ilya ne tun a gida, ya girme shi sosai, ɗan kasuwa ne mai aika kaya Nijar. A satin nan Ilya yana Paris wajen wani taro, amma ko leƙawa bai yi ba.

Da aka yi masa magana sai ya ce, "Haba, on est en France, a Faransa muke. Wa ke da lokacin zaman tabarma?"

Shi ne kuma mai yi wa Siddiq dariya. Domin duk sanda teku ya janye da nisa, Alhajin yakan ɗauki bokiti ya tafi gaɓar Normandi, ya shiga cikin Turawa ana tonon wasu 'yan halittu masu ɓawo da ke ɓuya a yashi, waɗanda suke kira kok.

"Alhaji, ka baro Damagaram ka zo Turai tsintar koɗi a taɓo?"

Siddiq dai murmushi kawai yake yi.

Wata rana a farkon Disamba, Ilya ya shiga aiki ya kulle wayarsa a durowa kamar yadda dokar wurin ta ce. Da ya fito da la'asar sai ya tarar da kiran yayarsa Rakiya rututu. Ya kira ta.

"Ilya, Inna ta rasu da hantsi. Mun neme ka har mun gaji. An kai ta bayan azahar."

Ya ce, "To."

Abin da ya iya faɗa ke nan. Ya sa rigar sanyinsa ya hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya wuce tasharsa bai sauka ba, sai ga shi a tsakiyar gari. Ashe ranar ce bikin fitilu na mutanen Lyon. An jera kyandirori cikin 'yan kofunan gilashi a kan tagogi, an haska manyan gine-gine kala-kala, jama'a sun cika titi ana turereniya. Ilya ya bi ayarin duk inda aka tura shi. Ya sayi wani abu mai zafi a takarda ya cinye, bai san me ya ci ba.

Washegari ya tafi aiki. Yana salla, yana cin abinci, yana amsa gaisuwar abokan aiki, bai gaya wa kowa ba. Ya jira kuka ya zo, kuka ya ƙi zuwa. Ƙirjinsa ya zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Rakiya ta yi ta kira bai ɗauka ba. Ba wulaƙanci ba ne, kunya yake ji ta ji muryarsa garau, kamar ba uwa ya rasa ba. Amma ita ina za ta san haka? Daga ƙarshe ta rubuto masa: "In ka cire mu daga ranka ne, ka faɗa mini in daina nemanka." Ya karanta, ya kife wayar. Su biyu ke nan Inna ta bari a duniya.

Ranar Juma'a da yamma aka buga masa ƙofa. Yana buɗewa ya ga Alhaji Siddiq da 'yar jakarsa. Rakiya ce ta kai kukanta wurin matar Alhajin, Hajiya Safi, shi kuma ya rufe shago ya hawo jirgin ƙasa daga Paris.

Bai hau kujera ba. Ya zauna a ƙasa, ya ɗaga hannu ya yi wa mamaciya addu'a. Bai tayar da tsohon zance ba.

Can Ilya ya ce, "Alhaji, ba na jin komai. Wallahi ko ɗigon hawaye. Rien."

"Na ji. Ɗauko kayanka mu tafi, ba na barin ka kai kaɗai a ɗakin nan."

Suka kwana a Paris, da safe Siddiq ya sa shi a mota sai Normandi. Ilya bai tambayi inda za su ba.

Da suka isa, teku ya janye har ido ba ya ganin ruwa, sai jiƙaƙƙen yashi shimfiɗe. Tsofaffi da matasa sun bazu da bokitai da dogayen takalman roba, kowa ya duƙa. Siddiq ya miƙa masa ɗan manjagara.

"Tona nan. Manyan ka sa a bokiti, ƙananan ka bar su."

Ilya ya tona don an ce ya tona. Sanyi ya kama masa yatsu bai damu ba. Ya yi rami mai ɗan zurfi, ya tsinci abin da ya samu, ya miƙe zai yi gaba.

Siddiq ya ce, "Tsaya, ƙanena. A nan ba a barin rami buɗe. Wanda ya tona shi ke rufewa, don ƙananan da ke ciki su rayu. Haka al'adarsu take."

Ilya ya durƙusa. Ya ajiye manjagaran, ya sa hannu biyu ya turo yashin cikin ramin. Ya ƙara turowa har ya cika. Ya shiga daddanna shi da tafin hannu yana shafewa.

Sai hannunsa ya tsaya.

Haka ake yi a maƙabartar garinsu. 'Ya'yan mamaci su durƙusa, su tura ƙasa da hannunsu, su shafe. Shi kaɗai ne ɗa namiji a wurin Inna, kuma wasu ne suka yi mata.

Ya ce, "Inna," sai kuka ya ƙwace masa. Ya kifa goshi a kan yashin yana yi da iyakar ƙarfinsa. Siddiq bai ce masa ya yi shiru ba. Ya dai tsaya ta inda iska ke bugowa ya kare shi, har mutane suka fara kwashe bokitansu.

"Taso, ruwa ya fara dawowa."

A cikin mota, hannunsa duk yashi, Ilya ya kira Rakiya. Tana ɗauka ya ce, "Yaya," ya fashe da kuka. Ba ta tambaye shi dalilin shirunsa ba, ta ji abin da take son ji. Suka yi kukansu tare. Ya tambaye ta wa ya rufe Inna, ta ce Kawu Issa ne da maƙwabta, maƙabarta ta cika.

Da ya ajiye wayar sai ya juya ya dubi Siddiq, wanda mahaifinsa ya shekara biyu a ƙasa.

"Alhaji, ya haƙurin Baba?"

Siddiq bai ɗauke ido daga titi ba. Ya ce, "Da godiya, ƙanena. Allah ya ba da lada."

Darasi: Saƙon waya ba ya zama a ƙasa kusa da wanda aka yi wa rashi. Ka taka da ƙafarka ka je, ko da shi bai zo naka ba, kuma kada ka yanke wa mai shiru hukunci, wataƙila kukan ne bai samu hanya ba. Ku tura wa 'yan uwanmu da ke ƙasashen waje, akwai wanda ke zaune shi kaɗai yana jiran a buga masa ƙofa.